Ranar da Kakana Ya Juya wa Kumasi Baya

Tunda na dawo daga Gana ban huta ba. A makaranta tambaya, a bakin masallaci tambaya, wurin mai shayi tambaya. "Babangida, yaya Kumasi?" "Babangida, da gaske ka ga teku?" Na ba da labarin har na fara lura cewa duk ranar da na maimaita shi sai tekun ya ƙara girma. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kafin ya cinye garinmu Ƙarfi gaba ɗaya.

Da kakana na tafi, Malam Idi, wanda aka sa mini sunansa. Shi yana ce mini Takwara, ni ina ce masa Tsoho. Duk mai rumfa daga kasuwar Malumfashi har Funtuwa ya san shi, kuma ba da daɗi ba. Ga yadda yake ciniki. Zai ɗaga kaya ya dube shi kamar ya tsinci mushe, ya yi tayin da zai sa mai kaya ya kira sunan Allah. Da an ce masa albarka sai ya kaɗe riga, ya juya baya, ya kama tafiya sannu a hankali. Ba ya waiwaye. Kiran farko ba ya jin sa, wai wannan gyaran murya ne. Sai an sake kira yake dawowa, yana taku kamar an roƙe shi ya karɓi sarauta. In kuwa ba a kira shi ba, shi da wannan rumfa har abada. Akwai wani mai takalma a Malumfashi da ya shagala da ba wani canji bai kira shi ba, tun kafin a haifi Babana. Mai takalman ya rasu, ɗansa ya gaji rumfar, har yau Tsoho zagaye yake yi ta layin mahauta.

Abin da ya tayar da tafiyar kuwa fadamarmu ce. Tun yana saurayi Tsoho yake noman rani a wurin, tumatir da albasa. To tsohon injin ban ruwanmu shan mai yake kamar ana biyan sa, man kuma kun san inda ya kai. Bayan kakar bara Baba ya zaunar da shi ya ce ba zai iya ƙara ɗauka ba, in ba a sami wata dabara ba zai ba wani mutumin Danja hayar fadamar. Daga ranar Tsoho ya fara barin rabin tuwonsa a kwano, mutumin da a da har nawa yake ƙarasawa.

Ana cikin haka Goggo Asabe, ƙanwar Baba da ke aure a Kumasi, ta aiko da saƙon murya. Ta ce wani babban kanti a can yana kwashe tsofaffin kaya, sun karya farashin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ba ruwansa da fetur, amma ragin zuwa ƙarshen wata ne kawai. Ta ce ita za ta biya kuɗin mota. Mun gane wayonta. Shekaru tana roƙon Tsoho ya zo ya ga 'ya'yanta yana cewa gona ba ta barin sa. Da ya ji maganar inji, a ranar ya sayar da raguna.

Ni aka ɗauke ni ne don Turanci. Na je wurin malaminmu na Ingilishi na ce ya ba ni na ciniki zalla, ban da na jarrabawa. Ya ce nawa ne shi ne "haw mac". Ragi "diskawun". Gaskiyar kuɗin da ba a sauka ƙasa da shi "las farais". Garaɓasa "furomo". In an daidaita a tafa a ce "dil". Sai kuma wata doguwa, "bai wan get wan firi", wato ka sayi ɗaya a ƙara maka ɗaya kyauta. Da na fassara wa Tsoho wannan sai ya ajiye buta.

"Ɗaya kyauta? Ba a yi tayi ba, ba a yi komai ba?"

"Haka Turawa suke yi."

"To ko mai kantin ba shi da lafiya, ko kayan ba nasa ba ne. Ka bar wannan a gida, kar ka ja mana ɗauri."

A tashar Funtuwa muka fara. Tsoho ya taya kuɗin babbar motar Legas, ɗan kamasho ya ce albarka, Tsoho ya juya masa baya. Mota ta cika, direba ya tayar, ni ina ciki da kaya, shi yana can yana taku ya nufi titin Zariya. Na leƙa ta taga na ce wa ɗan kamashon don girman Allah ya kira shi. Ya ce ai ya kira. Na ce ya ƙara. Da Tsoho ya shigo ya zauna sai ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Takwara? Da kai ne da ka biya duka."

Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai komawa kudu, da ƙaton burodi a cinya. Na ce bari in gwada makamina. Na gyara murya na tambaye ta las farais na burodin. Ta ce ba na sayarwa ba ne, abincinta ne. Na nemi diskawun. Ta yi dariya har ta ƙware, ta yaga mini rabi. Na gaya wa Tsoho Turanci ya fara aiki. Ya ce wannan ba ciniki ba ne, bara ce da harshen Nasara. Amma ya ci.

A gadar Jebba ya tashe ni daga barci da gwiwar hannu. Ya manna fuska a gilas yana kallon kogin Kwara.

"Takwara, duk wannan ruwan na wa ne?"

"Na Allah ne."

"Kuma ba ko kwamin tumatir ɗaya a bakinsa? Mutanen nan za su yi bayani ranar gobe."

Legas ba zan ce komai a kanta ba, domin ban gan ta ba, bayan wata tanka na gani. Mun shiga cunkoso ina da ƙuruciyata, muka fita ina jin ciwon baya. A nan muka canza mota zuwa iyakar Seme, aka duba takardunmu da katin allurar rigakafi, muka shiga ƙasar Benin. Nan na gano abin da malaminmu bai gaya mini ba. Turancin nan iri biyu ne, kuma nasu na Faransa ne. Na ce haw mac, aka dube ni kamar na yi atishawa.

A Kwatano muka kwana, a gidan wani mai masauki a zango, ɗaki guda da fatake da buhunan albasa. Duk wanda ya kwana a ɗakin nan ba ya buƙatar turare har ya koma gida. Da safe aka kawo burodinsu, siriri, dogo, mai tauri, da za ka iya kora awaki da shi. Tsoho ya karɓa ya auna shi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kamar yana sayen yadi. Ya nuna wa mai burodin yatsu, ita ma ta nuna nata, ya murtuke, ta murtuke, ya juya, ta kira, ta sake kira. Ba wanda ya ji kalma ɗaya ta wani, aka gama ciniki har da gyara. Ya miƙo mini guntu ya ce, "Takwara, Turancin naka hutu ya tafi ne?"

A hanyar Lome muka ga teku. Direba ya tsaya shan mai, Tsoho ya sa na raka shi har baki. Ya tsuguna ya ɗebo da hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Ya daɗe yana kallon sa da takaici, sannan ya ce, "Girman banza." Bai sake duban ɓangaren ba har muka wuce.

Abin da ya faru a iyakar Gana kuwa ba zan taɓa mantawa da shi ba. A ɓangaren Togo Tsoho ya tsaya wurin wani ɗan canji. Aka yi tayi, aka ƙi, ya kaɗe riga ya juya. Matsalar ita ce inda ya juya ɗin Gana ce. Ya kama takunsa na ƙasaita, ya wuce layin masu jira, ya wuce tebur, ya durƙusa ya bi ta ƙarƙashin ƙarfen shinge. Wani jami'i ya daka masa tsawa. Tsoho ya ɗauka ɗan canjin ne, kuma kiran farko ne, sai ya ƙara ɗaga kai ya ci gaba. Jami'in ya biyo shi da gudu, ni na biyo jami'in, ɗan canjin ya biyo ni. Na buɗe baki in ba da haƙuri da Turanci, duk abin da ya zo mini diskawun ne da furomo.

Allah ya taimake mu jami'in mutumin arewacin Gana ne, yana jin Hausa. Ya sha gabansa yana haki ya ce, "Baba, ina za ka haka?"

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma wa ya sa ka a cinikin? Dillali ne kai?"

Da aka yi masa bayani, jami'in ya yi dariya har ya dafa shingen. Ya mayar da mu aka buga mana hatimi, ya ce wa ɗan canjin ya ba tsohon nan yadda yake so kafin ya kai Abijan a ƙafa.

Mun isa Kumasi a gajiye. Goggo ta rungume ubanta tana kuka, shi kuma yana tambayar ta ko kantin na da nisa. Mijinta, Alhaji Mumuni, direban babbar motar goro ne, mutum mai sanyin hali da dariya a kusa. Unguwarsu zango ce, kowa Hausa yake ji, irin tasu mai daɗi kamar ana tauna rake. Aka ba mu ɗakin yara, aka kwashe yaran zuwa falo, amma ba su tafi ba, suka jeru a bakin ƙofa suna kallon kakansu yana cire hula.

Abinci kuwa mun ga abubuwa. Shinkafa da wake dai irin namu ne, sai dai su sai sun ɗora masa taliya da gari da ƙwai da kifi da wani baƙin yaji, har ka rasa inda shinkafar ta shiga. Baƙin yajin nan na ɗauka miya ce na zuba cokali cike. Na ga garinmu, na ga makarantarmu, na ga mutanen da suka daɗe da rasuwa. Akwai dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo. Tsoho ya ɗanɗana ya kira Goggo gefe, ya ce mata a hankali in babu hali ta faɗa masa, ba sai ta ba baƙi tuwon shekaranjiya ba.

Mutanen Gana suna da ladabi har ya yi yawa. Komai sai sun fara da "filis", wato don Allah. Na ji kwandasta yana zagin fasinja, da filis ya buɗe. Ranar Asabar kuma muka ga taro a bakin titi, rumfuna, kiɗa, rawa, mutane cikin jan zane da baƙi, ga hoton wani dattijo yana murmushi. Tsoho ya tsaya ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Alhaji Mumuni ya ja shi da sauri ya ce jana'iza ce. Sai da muka yi nisa sannan Tsoho ya ce in ya mutu kar Goggo ta zo da ko mutum ɗaya daga garin nan.

Goggo ta riƙe mu da gaishe-gaishen dangin miji, gida bayan gida, har sai da ya rage ranar ƙarshe ta ragin. Bayan la'asar Alhaji Mumuni ya kai mu kantin. Wuri ne mai gilasai da sanyi kamar cikin randa. Ga injin nan a tsakiya da faifansa na rana, shi kaɗai ya rage. An rataya masa kwali, an soke tsohon kuɗin da jan layi, an rubuta sabo a ƙasa. Wata budurwa mai suna Akosuwa, cikin rigar ma'aikata, ta zo da murmushi ta ce mana filis.

Na karanta wa Tsoho kwalin. Ya ɓata rai.

"Wa ya taya har ya sauko haka?"

"Ba kowa. Shi ne furomo."

"Kaya ya faɗo da kansa, ba wanda ya ture shi? To taya mata rabin wannan."

Na ja numfashi na saki Turanci. Na yi haw mac duk da ga shi a rubuce. Na nemi diskawun, ta ce ai shi ne a jikin kwalin. Na nemi las farais, ta nuna kwalin dai. Ta ce a nan ba a ciniki, abin da aka rubuta shi ne. Na fassara. Tsoho ya yi ɗan murmushin da na sani, ya kaɗe riga, ya juya.

Ya yi taku har ƙofa. Ƙofar gilas ta buɗe da kanta, ya ɗan firgita amma bai waiwaya ba. Ya fita. Akosuwa ta ɗaga hannu ta ce masa ya sauka lafiya, ta koma tana goge teburin kantin.

Muka same shi a ƙarƙashin wata bishiya a wurin ajiye motoci, zaune a kan dakali, ya ba kantin baya.

"Ta kira?"

"Ba ta kira ba, Tsoho."

"Za ta kira."

Alhaji Mumuni ya durƙusa ya ce, "Baba, a nan ba a kira. Ba ni kuɗin in shiga in ɗauko." Tsoho ya dafe lalitarsa ya ce injin da aka koma aka saya da rarrafe ba zai shiga fadamarsa ba, ko tumatirin ya fito kunya zai yi. Alhaji ya kira Goggo a waya, ta yi magiya, ya ce ta gaida yara. Na ce masa, "Tsoho, mutumin Danja fa." Ya ƙara damƙe lalitarsa, na gane shi ma ya san abin da ke tafiya, kawai dai wuyansa ba zai iya juyawa ba. Ta gilas kuma ina hango wani mai ƙaton ciki ya tsaya a kan injin yana ƙwanƙwasa faifan, ga masu gadi sun fara jawo ƙofofin gefe.

Na koma ciki da gudu. Na tattara duk Turancin da na mallaka, na jarrabawa da na ciniki, na ce wa Akosuwa ba ragi nake nema ba, kira nake so in saya. Ta ce me? Na yi bayani da baki da hannu da ƙafa, har na kwaikwayi takun Tsoho. Ta dafe baki. Ta ce uwarta kifi take sayarwa a babbar kasuwa, ta san irin waɗannan tsofaffin, akwai wanda uwarta ke bi har tasha. Amma a nan manaja ya hana su ɗaga murya.

Na ce, "Haw mac?"

Ta kalle ni sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kaina. Hulata ce, zanna, sabuwa fil, ta Sallar bana. Ta ce ƙanenta ya daɗe yana son irin ta.

Na ce albarka. Na taya mata da carbina na roba. Ta ƙi. Na ƙara da ragowar ƙuli-ƙulin aljihuna. Ta karɓi ƙulin ta ci, ta ce hula dai. Na nemi las farais, ta ce hula. Na yi tunanin in juya mata baya, sai na tuna abin da ya kawo mu nan ke nan. Mai ƙaton ciki ya fara laluben aljihu. Na cire hula.

Ta leƙa ofishin manaja, ta fita bakin ƙofa, ta sa hannu a baki ta ce, "Papa! Filis!"

Tsoho ko motsi.

Ta dawo ta ce ta yi nata. Na ce kiran farko ba ya cikin lissafi, sai ta ƙara. Ta ce to na biyu da kuɗinsa, ta fara kallon takalmina. Nan Allah ya buɗe mini ƙwaƙwalwa. Na nuna mata wani kwali da ke rataye a kan fitilu, na karanta mata da ƙarfi, "Bai wan get wan firi!" Na ce dokar kantinku ce, ba tawa ba. Ta yi dariya har ta sunkuya, ta ce dil.

Kira na biyu ba irin na farko ba ne. Muryar uwarta ta ɗauko, ta kasuwar kifi. Tsuntsayen bishiyar suka tashi, wata mota ta kama kuka ita kaɗai. Tsoho ya miƙe a hankali, ya kaɗe bayan riga, ya juyo.

Kafin ya iso na roƙe ta ta cire kwalin, ta fara daga tsohon kuɗin, ta bar shi ya sauko da ita har kan na ragin. Ta cire ta ce wa mai ƙaton ciki filis, an riga shi.

Abin da ban sani ba shi ne na kwance damisa. Yarinyar nan shekaru tana tsaye tana nuna kwali, cinikin uwarta yana tafasa a cikinta ba wurin fita. Tsoho ya taya, ta dafe ƙirji ta ce yana so a kore ta daga aiki. Ya ce faifan ya yi siriri, ta ce shi ma ai siriri ne kuma ga shi yana aiki. Ya ce ranar garinsu ta fi ta nan zafi, injin zai sha wahala, a rage masa. Ta ce to ai abinci zai samu kyauta, a ƙara mata. Ni ina tsakiya ina juya magana, gumi yana zuba ta inda hula take a da. Ma'aikata suka bar aikinsu, masu gadi suka bar ƙofa, manaja ya fito zai yi faɗa ya tsaya kallo. Tsoho kuwa fuskarsa ta yi haske, rabon da in gan shi haka tun kafin maganar haya.

Ya ƙara, ta rage, ya ƙara, ta rage. Sai na lura ya haura kuɗin da ke jikin kwalin, ita kuma ta manta da wani kwali a duniya. Na ja rigarsa.

"Tsoho, ka wuce..."

"Rufe mini baki, Takwara, manya na magana."

Ta ce ta sallama, ya ce ya saya, suka tafa, ya ce "dil" da bakinsa. Aka yi tafi.

Wurin biya aka sake sabuwa. Mai karɓar kuɗi ta haska injin, kwamfuta ta nuna kuɗin ragi, ta ɗauki nata ta turo wa Tsoho saura. Ya tura mata. Ta turo. Ya ce an yi sallama a gaban shaidu, shi bai taɓa cin kuɗin da ya riga ya fita daga bakinsa ba, ba kuma zai fara a ƙasar mutane ba. Ta ce kwamfuta ba za ta karɓi fiye da haka ba. Ya ce a kira kwamfutar ta faɗa masa da bakinta, ina take lokacin da ake ciniki? Na ga ya kai hannu zai kaɗe riga. Na riƙe rigar da hannu biyu. Ba ni da wata hular.

Akosuwa ce ta cece mu. Ta ruga ciki ta jawo naɗin tiyo mai kauri, aka haska, bai cike ba. Ta ƙaro wani, da abin yayyafi, sai da kwamfuta ta haɗiye sauran kuɗin tsaf. Ta tura tulin gaban Tsoho, ta kashe mini ido.

"Wannan fa?" in ji shi.

Na ce, "Gyara ce."

Ya shafa tiyon, ya auna da kamu, ya gaji bai kai ƙarshe ba. Ya dubi Akosuwa ya ce in gaya mata duk ƙasar Gana ita kaɗai ce aka yi wa tarbiyya, kuma in tana son rumfa a Malumfashi shi zai tsaya mata.

A motar goron Alhaji Mumuni muka dawo, ni da Tsoho a gaba, injin a baya cikin huhunan goro. Ranar da aka kafa shi rabin Ƙarfi sun zo fadama. Rana ta ɗaga, ruwa ya taho ba ƙara ba hayaƙi, Tsoho ya naɗe wando ya shiga yana buɗe kwami da fartanya. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya koma gefe ya kira mutumin Danja ya ba shi haƙuri. A daren Tsoho ya cinye tuwonsa ya jawo nawa.

Yanzu kullum yana bakin masallaci yana ba da labarin yadda kantin Turawa guda ya biyo shi har gindin bishiya, aka ba shi tiyon da zai kai garin Dayi kyauta. Ni ba na gyara masa. Abin da na ce kawai shi ne a dubi kaina. Ya ce ba komai, shi zai saya mini wadda ta fi ta.

Ranar kasuwar Malumfashi muka je. Na zaɓi wata mai ruwan toka, ta zauna mini daidai. Tsoho ya taya, mai hula ya ce albarka, Tsoho ya cire ta daga kaina ya miƙa, ya kaɗe riga ya juya. Na bi shi ina ta waiwaye. Mai hular sabon zuwa ne daga wani gari, ya sunkuya yana danna waya.

Muna can bakin tasha Tsoho ya tambaye ni ta gefen baki, "Ya kira?"

In kun gan ni a makaranta rana tana dukan ƙeyata, to har yanzu bai kira ba.